Magaryar da Furera Ta Kawo Daga Yamai

Furera ta rasu a cikin sanyin bana, da hantsi, a ɗakinta da ke gidan su Maiguwa, wan mijinta, a Tamaske. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, don a duniya dai ba ta huta ba. Waɗanda suka zo gaisuwa daga Kaita da Tawa sun yi ta faɗa wa juna cewa ai ita ce matar nan da ta je babban taron mata na duniya a Yamai har aka tashi tsaye ana tafa mata. Gaskiya ne, ta je, an kuma tafa mata. Amma mu da muka yi tallan fura tare da ita tun muna ƴan mata mun san abin da ta tafi ta bari da abin da ta dawo da shi. Gara a rubuta shi tun masu gaisuwa ba su gama gyara labarin ba.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, ga wushirya da ba ta iya ɓoyewa saboda yawan dariya. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Iyayenta manoma ne a wani ƙauye da ke bayan dutse, daga can aka kawo ta gidan Bawa. Shi kuwa Bawa, kamar sauran mazan Adar, da an gama kaka sai ya ɗaure jaka ya tafi cin rani Abijan, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Tun yana dawowa kowace damina, har ya koma tsallake ɗaya, har aka yi shekarar da jakarsa ta dawo shi bai dawo ba. Can aka binne shi. Ya bar mata ɗiya uku, duka mata, da ɗaki ɗaya a gidan gado.

Gonar gidan ba a raba ta ba, tana hannun Maiguwa, wan Bawa. Shi ke buɗe rumbu, shi ke auna wa kowace mace abin da za ta daka. Maiguwa ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne mai son a ce yana da kyauta, musamman in kyautar ba za ta rage masa komai ba. Da Furera ta fita takaba ta durƙusa gabansa ta roƙi wurin da za ta noma da hannunta, sai ya shafa gemu kamar mai nazarin babbar magana, sannan ya ce ya ba ta aron fakon nan na gindin dutse. Kowa ya san wurin. Ƙasa ce ja, mai sulɓi, mai tauri kamar bayan tukunya, ruwan sama na sauka a kai ya wuce ko sallama babu. Akuya ma in ta bi ta nan sai ta ƙara sauri. Aka kira dattawa biyu suka shaida, Furera ta yi godiya har ƙasa, Maiguwa ya kwana uku ana yabonsa a bakin masallaci.

Duk ɗan Adar ya san ƙa'idar aron gona. Ka noma, ka ci, in kaka ta yi ka kai wa mai ƙasa dami ɗaya ƙofar gidansa don kada a manta ta wane ce. Ba ka gina rijiya a ciki, ba ka dasa icce. Hatsi baƙo ne, damina ɗaya ya yi ya tafi. Icce kuwa zama ya zo yi, wanda duk ya dasa shi da hannunsa ya ce ƙasar tasa ce ke nan. Mai aron da ya yi haka ya warware aronsa da kansa, ba sai an kore shi ba.

Tun tana budurwa Furera ta yi aikin babban furojen nan, wato shirin gyaran ƙasa, lokacin da mata ke ɗaukar duwatsu a ka ana biyansu da abinci. Abin da ta gani a can shi ta zo ta yi ita kaɗai. Da rani, sa'ad da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, sai ta ɗauki kalme ta tafi tana haƙa tassa, wato ƴan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa. Kashin awaki kuwa har gidajenmu take bi tana sharewa, ta ce ta zo taya mu shara don ta ga mun yi ƙiba. Duwatsu ta jera su layi-layi a gicciye, yadda ruwa in ya gangaro daga dutse zai tsaya ya gaisa. Masu wucewa kasuwa suna cewa Furera na haƙa wa hatsi kabari. Takan ɗago ta ce su yi haƙuri, in ya tashi za ta kira su suna.

Ya kuwa tashi. Shekarar farko abin da ta samu bai fi na fura ba. Da shekaru suka ɗan tura, sai ga gero a fakon Maiguwa ya fi na fadama tsayi, ga wake na bin ƙasa, ga yakuwa a gefe. Ta gina rumbunta na laka a bayan ɗaki, ƙarami, amma ita ke buɗe shi. Daga cikinsa ta yi wa manyan ɗiyanta biyu kayan ɗaki, daga cikinsa ta riƙe autarta Ikram a kwaleji. Wata shekara ƴan gawo suka tsiro a bakin ramukan, daga ƙwayar da ke cikin taki. Ba ta bari sun kwana biyu ba ta je ta kira Maiguwa ya gani da idonsa, ta ce Allah da akuya suka shuka, ba ita ba, in ya ce a cire yanzu za ta cire. Ya yi dariya ya ce a bar su, wataƙila ma akuyar tasa ce.

Ana nan sai Ango, babban ɗan Maiguwa, ya dawo daga Libiya da salula ɗaya da ɗingishi, ga mata ga yara, ba gona. Daga lokacin Maiguwa ya fara yawan ɓatan tunkiya. Kusan kullum da la'asar sai a gan shi yana zagaya gindin dutse wai nemanta yake, yana tsayawa yana murza zangarniya a hannu. Furera ta san tunkiyar da ake nema. Amma ba shi da hanya. Mutumin da gari ya yaba wa kyauta ba ya karɓe ta haka kawai, sai da dalili, ita kuwa ba ta ba shi dalili. Ta ƙara wa damin kaka girma. Ta daina kai shi ta bayan gida, sai ta bi da shi ta bakin kasuwa da rana tsaka, tana gaisawa da kowa, har ta sauke shi ƙofar zaurensa.

A haka Mansura ta same ta. Mansura yarinya ce ƴar Madawa, ma'aikaciyar wata ƙungiya da ke Tawa, tana yawo ƙauyuka a kan moto da hular kwano bisa hijabi. Yarinyar kirki ce, har gobe ba mai cewa ba haka ba. Ta ga gonar ta riƙe baki. Ta dawo da mai ɗaukar foto, wanda ya duba kalmen Furera ya ga ya tsufa, ya ba ta wani sabo fil ta riƙe, da ya gama ya karɓi abinsa. Bayan ƴan watanni Mansura ta zo da albishir: za a yi babban taro a Yamai kan haƙƙin mata da daidaitonsu da maza, mata za su zo daga ƙasashen duniya, an zaɓi Furera ta yi magana da bakin matan karkara.

Mace ba ta tafiya Yamai ba iznin mai gida, don haka Furera ta je ta durƙusa a zaure.

“Taron mi ne?” in ji Maiguwa.

“Na haƙƙin mata, Yaya.”

“To, Allah shi ba su. Ki tahi. In kin ga hula mai kyau can, kin san kaina.”

Abin da ta gani a Yamai ta ba mu labarinsa sau da yawa muna tsinkar yakuwa, kullum muna dariya har da hawaye. An rataya mata wani kati a wuya kamar layar raƙumi. A ƙofar zauren taron ta yi kiciɓis da kanta, hotonta ya kai rumbu girma, tana riƙe da kalmen mutane tana wushirya. Ta ce ta gaishe da matar, don ta ga ta fi ta hutu. Cikin zauren sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kamar tsakiyar hunturu. Aka raba wa kowa abin sawa a kunne mai fassara magana. Mansura ta murɗa mata ta ji Faransanci, ta ji Ingilishi, ta ji Larabci, ta ji wani da ba su san ko na ina ne ba. Hausa dai babu. Duk da haka Furera ba ta cire shi ba har aka gama taron, ta ce yana ɗuma mata kunne.

Ranar buɗewa maza ne suka yi ta hawa suna sauka. Kowanne ya ce ba zai tsawaita ba, kowanne ya tsawaita, kowanne da ya gama sai ya fita da mutanensa ana buɗe masa ƙofa. Har azahar mace ba ta ce uffan ba sai wadda ke kiran sunayensu. Furera ta ce wannan bai ba ta mamaki ba, ko a ɗaurin aure haka ake yi.

Ta yi ƙawa a can. Wata tsohuwa ce daga wata ƙasa mai duwatsu a bayan teku, da hular maza a kai da kitso biyu har gadon baya. Ba mai jin maganar wata. A wurin shan shayi tsohuwar ta kama hannun Furera ta juya tafin, ta shafa kantar da ke ciki, sannan ta buɗe nata ta aza kusa da shi. Suka dubi juna suka fashe da dariya. Daga nan tare suke zama, Furera ta ba ta ƙuli-ƙuli, ita ta ba ta wani busasshen dankali mai taurin tsakuwa. Furera ta ce duk taron wannan ce maganar da ta fahimta daga farko har ƙarshe.

Sai ranar rufewa aka kira ta, lokacin da kowa ke duban agogo. Ta hau, ta yi sallama, ta gaida manya, ta tambayi gajiyarsu da iyalin da suka baro, yadda mai tarbiyya ke yi. Kafin ta gama gaisuwa rabin lokacinta ya tafi. Da sauran rabin ta faɗi gaskiya, Mansura na juyawa da Faransanci. Ta ce ita ba ta da ƙasa ko ta shimfiɗa tabarma. Gonar da suka gani a hoto aro ce, ta wan mijinta ce, Allah ya saka masa da alheri. Ta faɗi yadda ta same ta da yadda ta mayar da ita. Nufinta ta yaba wa Maiguwa a gaban duniya, don yabon ya ƙara ɗaure shi.

Tana gamawa aka miƙe ana tafi, wasu na share hawaye. Shugabar taron, wata doguwar mace mai furfura da ta zo daga Turai, ta rungume ta, ta ce ƙasa ta wanda ya raya ta ce, kuma ba za su bar maganar nan a cikin zaure ba. Dama an shirya ba kowace macen karkara kyautar dashen icce. Ta Furera magarya ce mai aure, irin wadda ƴaƴanta ke girma kamar ƙwan zabo. Shugabar ta yi shela cewa da damina ta zauna, ita da kanta za ta zo Tamaske da baƙi da masu ɗaukar hoto, a dasa wannan icce a tsakiyar gonar, duniya ta shaida.

Furera ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ɗan rusuna, don haka ake karɓar kyauta. Ta ce tun ledar dashen ba ta gama zama a tafinta ba ta tuna ƙa'idar aro.

A cikin kar, babbar motar haya, kan hanyar Tawa, dashen na bisa cinyarta, ta yi wa Mansura bayanin ƙa'idar aro tun daga tushe. Mansura ta ce ta sani, ai irin wannan al'adar ce aka taru don a kawar. Ta ce doka na bayan wanda ya raya ƙasa, kuma wakilin furefe, shugaban gunduma, da kansa zai halarta.

“Ɗiyata,” in ji Furera, “shi furefen, gida guda muke kwana da shi?”

Mansura ta kawar da kai. Can ta ce in baƙin suka zo ba a dasa ba, ita ce za ta ji kunya gaban manyanta. Furera ta gyara wa dashen zama bisa cinyarta. Ta ci abincin mutanen nan, ta kwana a ɗakinsu, sun rungume ta a bainar jama'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta kawo wa Maiguwa hularsa. Dashen kuma ta ajiye shi bayan ɗaki ta kewaye da ƙaya. Mu ƙawayenta muka ce ta janye ƙayar rana ɗaya kawai, akuya ta raba gardama, wa zai kama akuya da laifi? Ta ce amana ce, abu mai rai ne, ba za ta iya ba. Ruwan alwalarta ma a gindinsa take zubarwa.

Sai dabara ta zo mata, kuma dabara ce mai kyau. In mai ƙasa ne ya dasa icce da hannunsa, icce nasa ne, aro na nan daram. Ta je ta ce wa Maiguwa manyan baƙi za su zo daga ƙasashen waje su ga gonarsa, kuma ba wanda ya dace ya sa iccen a rami sai shi. Maiguwa ya ji daɗi har ya kasa ɓoyewa. Ya ba da babbar rigarsa aka wanke aka buga. Mansura ma da ta ji ta yi murna, ta ce hakan ya fi, kowa ya fita kunya.

Ranar ta zo, gero ya kai gwiwa, gari ya yi lumshi. Motoci farare suka jeru a gindin dutse inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Ga wakilin furefe, ga maigari, ga makaɗa, Tamaske kaf ta fito har da masu jego. An riga an haƙa rami a tsakiyar gona. Maiguwa ya fito cikin rigarsa da sabuwar hula, ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, ya karɓi dashen, ya yi bisimilla ya sunkuya.

Shugabar ta ɗaga hannu. Ta yi magana da mai ɗaukar hoto, ta yi magana da tafintan da ke fassara mata, shi kuma ya matso da ladabi ya ce, “Baba, ɗan ja baya kaɗan.”

Maiguwa ya ɗago bai gane ba. Tafinta ya yi masa bayani a hankali, amma da ƙarfin da kowa ya ji. Ya ce Madam ta ce ba su ƙetaro teku don su ɗauki hoton namiji yana dasa icce a gonar mace ba. Duk inda suka je a duniya, mata su yi wahala, ranar biki maza su shiga gaba. Yau dai mai gonar ce za ta dasa da hannunta. Mansura ta ruga tana magana da Faransanci da sauri-sauri. Shugabar ta dafa kafaɗarta tana murmushi, ta ce kada ta ji tsoro, suna tare da ita. Wani saurayi ya zare dashen daga hannun Maiguwa ya aza a na Furera.

Maiguwa ya ja da baya. Ya sauke hannun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya tsaya cikin jama'a. Makaɗan ma suka ajiye gangunansu.

Furera ta tsaya da icce a hannu. Ta san da ta sake shi ya faɗi, ko ta ce kanta na juyawa, da an wuce wurin. Amma ga baƙi sun yi tafiyar duniya dominta, ga yarinyar mutane na kallonta ido ya cika da ƙwalla, ga kuma dattijo an riga an tsinka shi gaban surukansa, abin da ba ya ɗinkuwa ko ta dasa ko ba ta dasa ba. Ta juya wajensa ta rage murya.

“Yaya, ka yi mani izni.”

Bai dube ta ba, dutse yake kallo. “Ni wa? Ga masu izni nan sun zo da mota.”

Ta durƙusa, ta yage ledar, ta sa magaryar a rami, ta tura ƙasa ta danna da tafin hannu. Baƙi suka yi tafi. Sai mai ɗaukar hoto ya ce girgije ya rufe rana daidai lokacin, a yi haƙuri a sake. Aka tono dashen aka miƙa mata, ta sake dasawa. Wanda bai gani ba da farko ya gani a na biyu.

Ƙurar motocin ba ta gama kwanciya ba ta sayi goro ta tafi zaure. Ta ce ya san ba da nufinta ba ne, in ya yarda yanzu-yanzu za ta je ta tumɓuke shi.

“A'a,” in ji Maiguwa. “Iccen da anka dasa gaban Turawa da wakilin furefe? Bar shi. Kada a ce Maiguwa ya tumɓuke haƙƙin mata.”

Bai ƙara cewa komai ba duk daminar. Wanda ya shuka shi ke girbe, wannan ma ƙa'ida ce, kuma bai taka ta ba. Gonar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Da kaka Furera ta ɗaure dami mafi girma, ta bi da shi ta bakin kasuwa, ta sauke ƙofar zaure. Kafin ta kai ɗakinta an biyo ta da shi. Saƙon da aka haɗo da shi gajere ne: mai gona ba ta kai wa kowa dami.

Zaman da aka yi gaban maigari bai daɗe ba. Ba a nemi shaidu ba, tun da maigarin kansa na wurin, kuma hoton na cikin salular kowane saurayi a garin. Aka tambaye ta ko ta san ƙa'idar aro, ta ce ta sani. Aka tambaye ta ko da hannunta ta dasa, ta ce har sau biyu. Wasu suka yi dariya, ita ma ta yi. Aka mayar wa Maiguwa ƙasarsa, shi kuma ya ba Ango.

Mansura ta zo a kan moto ko hular kwano ba ta tsaya sawa ba. Ta ce a tafi Kaita, akwai hukumar da ke duba rigimar ƙasa, akwai alƙali, ita za ta tsaya mata har ƙarshe. Mai yiwuwa ma da an je da an ci, Allah ne masani. Furera ta girgiza kai.

“In kai wan mijina ƙara? To, wa za shi ba da auren Ikram? In na mutu wa za shi tsaya a yi mani salla?”

Mansura ta zauna bakin rumbu ta yi ta kuka, tana cewa ita ta jawo. Furera ce ta dama mata fura, ta lallashe ta, ta ce ta sha ta kama hanya tun da sauran rana. Shekarar da ta biyo baya aikin ƙungiyar ya ƙare, aka mayar da Mansura wani gari, amma ba ta taɓa barin salla ta wuce ba ta kira ta gaishe ta ba. Hoton dashen kuwa mun ji an nuna shi a ƙasashe da yawa, har an ce ya ƙarfafa wa mata gwiwa.

Ango ba rago ba ne, a faɗi gaskiya. Ya riƙe gonar da kyau, yana gyara layin duwatsu, yana zuba taki. In ya haɗu da Furera a hanya sai ya sauka gefe ya ce, “Inna, ina wuni,” idonsa a ƙasa. Ita kuwa rani na kamawa ta je wurin wani dattijo, Inuwa, ta ari wani fakon, ya fi na farko nisa, ya fi shi tsakuwa. Muka ce Furera, shekaru fa sun ja, ki zauna surukai su ciyar da ke. Ta ce hannun da ya saba buɗe rumbunsa ba ya iya tara wa na wani. Ta sake ɗaukar kalme. Damina biyu ta yi a can, ta biyun har ta fara ganin abin fura. Daga nan numfashi ya fara yi mata gardama, ƙafafu suka kumbura. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, a daina ɗaukar kaya. Ta ce ya faɗa wa duwatsun su riƙa zuwa da kansu.

Da sanyin nan ya shigo ba ta ƙara fita ba. Muna zuwa muna zama da ita bi da bi. Ba ta taɓa zagin kowa ba a kan gonar, ko Maiguwa, ko baƙin. In an tayar da maganar sai ta ce kowa a cikinsu alheri ya nufa da ita, abin da ya sa ba ta san wanda za ta yi fushi da shi ba ke nan.

Ana saura kwanaki kaɗan ta rasu, ina zaune gefenta ina mata fifitar hayaƙin garwashi, ta ce ta ji an ce magaryar ta yi ƴaƴa har matar Ango na kai wa kasuwa. Ta ce tana so ta ɗanɗana. Na aika a sayo, matar Ango ta ƙi sayarwa, ta ciko ƙwarya ta kawo da kanta, ta ajiye bakin ƙofa ta juya da sauri tana jan hanci. Manya ne, kore-kore, masu sheƙi. Furera ta zaɓi ɗaya, ta goge a zanenta, ta gatsa da ƙyar. Ta daɗe tana taunawa ido a rufe.

“Kai,” ta ce, “ashe icce mai kyau sunka ba ni. Mutanen nan ba su cuce ni ba.”

Ta cinye shi tas, ta tofa ƙwallon a tafina. Na miƙe zan jefa shi tsakar gida, sai ta riƙe mani zane.

“Ba nan ba, ƙawa. Kai shi murhu. Kada shi tsiro a ce ni na dasa. Ɗakin ga ma aro ne, kuma Ikram na ciki.”

Na kai shi murhu.